Kar Ka Motsa

Shekara talatin ina da shago a Jekadafari,
ina ce wa mutane: ɗaga haɓa, gyara hula,
kar ka motsa.
Kowa ya bi. Har alƙali ya bi.

Yau ga ni durƙushe a laka, gefen ruwan Daɗin Kowa.
Bazara ta shanye rabin fadama,
abin da ruwa ya bari ya tsattsage kamar diddigen manomi.
Tun assalatu muka fito.
Jungudo ya cusa kwalekwale cikin kacala,
ya ce, Malam, in ka yi tari
ka biya kuɗin jirgi a banza.

Kirinjijiya suka fara wucewa da fito,
kafin in ɗaga kyamara sun zama ɗige-ɗige.
Balbela kam ba ta da wuya,
tana bin shanun Ardo Manu
da farar rigarta, kamar mai zuwa ɗaurin aure.
Ba ita na zo nema ba.

Zalɓe nake so.
Ga shi can tsakanin ganyen bado,
ƙafa ɗaya a ruwa, wuya a naɗe,
ya fi duk wanda na taɓa zaunarwa iya tsayuwa.
Sauro na cin kunnena, na bar masa.
Gwiwata ta mutu, na bar ta.
Haske ya zo daidai, ruwan ya yi ja kamar manja,
yatsana na kan maɓalli,
sai bakina, tsohon bawan shago,
ya ce: kar ka motsa.

Ya tashi.
Ba da sauri ba ma, a hankali, kamar mai gidan da aka ɓata wa rai.

Jungudo ya yi dariya har jirgi na tangaɗi.
Ya nuna gabas da fulafili: shamuwa biyu,
na farko a bana.
Ya ce kwana ashirin, ruwa zai sauka,
ƙananan nan masu dogon baki kuma duk za su koma inda suka fito.

Da dare jikata Ummulkhairi ta ƙirga.
Hoto ɗari da bakwai.
Ruwa, ruwa, kacala, gefen fiffike, ruwa.
Ɗaya kuma ƙafafu biyu ne dogaye
suna fita ta saman hoton,
da ɗigon ruwa uku a ƙarƙashinsu, ba su kai ga faɗuwa ba.

Ta ce in goge.
Na ce bar shi.
Na shafa man zafi a gwiwa,
na sa batir a caji.