Ba a Zaɓen Shito da Kunne

A Adum na saye ta, ta hannu,
da kuɗin ɗinkin wata bakwai.
Harafi biyu sun goge, gefen allon ya tsage,
amma mai shagon ya dafa ƙirji
ya ce za ta ja wasan tseren motoci
kamar torotoro a gangare.

Ta ja, kwana tara.
A na goma ta fara tambayata lasisi,
fankarta na huci
kamar akuyar da aka manta a rana.

Muniru ya ce, kwance mata wannan dabaibayi.
Akwai tsarin da ba a sayarwa,
kowa na iya buɗe cikinsa ya ƙirga hanjinsa,
Linuks ake ce masa.
Na ce, to ba ni.
Ya yi dariya, ya ce, wanne?

Ashe ba gida ɗaya ba ne, zango ne guda.

Shi Muniru ɗan Ubuntu ne:
babban titi, in ji shi, ko makaho ba ya ɓata.
Ofori mai gyaran waya a Kejetia ya ce Fedora,
kullum sabon kaya, kamar dilar da aka kwance yanzu.
Sumaila dogo na Asawase,
wanda ba ya gama gaisuwa bai ambaci Arc ba,
ya ce in gina nawa da hannuna, tubali bayan tubali.
Ni da ban taɓa rubuta wa baƙin allo kalma ɗaya ba!
Ni dai motata nake so ta tashi.

Dare uku ina bin sunaye
har idona ya koma gauta.

Da safe Inna Lariba na zuba mini wake da shinkafa a ganye,
ta ce, wa ya sace maka barci?
Na kwashe duka na faɗa mata.
Ba ta ɗago kai daga tukunya ba:
Daga nan zuwa tashar Aboabo
mu bakwai ke dafa wannan.
Shinkafa ɗaya, wake ɗaya, karan dafi ɗaya.
Shito ne ya raba mu,
kuma ba a zaɓen shito da kunne.

Na ari filasha.
Data ta cinye mini sidi talatin.
Na ɗanɗana na farko, hoto tar, sauti babu,
motata na gudu kamar kurma.
Na biyu ya ƙi gaisawa da katin hoto.
Na uku ya kai kashi tamanin da bakwai
dumso ta ɗauke wuta,
batirin ya bi ta ko sallama babu.
Na zauna a duhu, ina jin janaretan maƙwabta
na yi mini dariya.

Na huɗu Mint ne.
Ba wanda ya yi masa kirari.
Sai dai na soka madannin wasa, ya gane shi,
lasifika ta yi gyaran murya,
kuma Hamdiya, 'yar mai gidanmu da ke karatu a Tek,
ta leƙo ta taga ta ce, irin nawa ne,
in ya ƙi, ƙwanƙwasa.

Wannan kalmar ce ta yanke hukunci.

Wasa ɗaya har yau ya ƙi ni.
Mai gadinsa ya dube ni sama da ƙasa
ya ce bai san garinmu ba.
Na yi kewarsa mako guda.

Sumaila ya ce na zaɓi keken yara.
Wataƙila.
Jiya dai, bayan lisha,
na wuce shi a kwana ta ƙarshe,
fankar na numfashi a hankali,
keken ɗinkina na jirana da rigar Alhaji Tahiru
wadda na ce za ta fito tun Talata.