Sara Uku, Tsalle Hagu

Sau arba'in da ɗaya Kunamar Dare ya kashe ni.
Na ƙirga da gawayi a bayan ƙofar zaure,
yadda mai shayi ke zana bashin ƙwai.
Kullum a kan gadar nan ta ƙashin dodo,
kullum ina tsaka da murnar na kusa gamawa.

Ban san shi ba, ban san garinsu ba.
Wataƙila yaro ne, ko gashin baki bai tsiro ba.
Wataƙila tsohuwa ce a wata ƙasa mai ƙanƙara,
hannu ɗaya riƙe da kofi,
ɗayan na aika ni barzahu ba ko gaisawa.

Na ce sabis ne, na hau tankin ruwa da wayata.
Na ce waya ce, na kai wa Lurwanu a Ƙofar Ƙaura.
Ya kwance, ya hura, ya karɓi ɗari biyar,
ya ce, "Lafiyarta lau. Mai ita ke son dubawa."

Kuɗin tayar babur na zuba a sulke,
da takobi mai suna, da layar kashe dafi.
Ba a ce ban yi kyau ba.
Gawata ce ta fi kowace gawa ado
a duk faɗin filin fafatawa.

Yaya Ramlatu ba ta san mayaƙi ba, ba ta san boka ba.
Keken ɗinki ta sani, da kayan sallar mutane
da suka taru mata har bakin taga.
Wani dare, zare a bakinta, ko ɗagowa ba ta yi ba,
ta ce, "Tasi'u, sara uku, tsalle hagu.
Sara uku, tsalle hagu. Tun watan jiya.
Ni da ke jin ƙarar kawai na haddace,
balle wanda kake yi wa a gabansa kana maimaitawa."

Na yi fushi. Na kashe waya. Na kwanta.
Barci ya ƙi.
Babban yatsana a ƙarƙashin bargo
yana sara uku, yana tsalle hagu,
shi kaɗai, ba wanda ya sa shi motsawa.

Daga nan na koma ɗan kallon mutuwata.
In ɗauki faɗan, in mayar baya, in sake,
in ga inda na yi gaggawa, in ga inda ya tsaya.
Ashe kafin ya harbo dafin
kafaɗarsa kan ɗan sunkuya,
ƙiftawar ido, kamar mai shirin atishawa.

Na cire sulken, nauyi ne.
Na bar garkuwa ta yi magana kafin takobi.
Na koyi tsayawa, abin da ya fi sara wuya:
jinina na raguwa ja a saman allo,
zuciya na cewa afka,
ni ina ce mata tukuna, bar shi ya fara ƙosawa.

Ya kashe ni na hamsin. Na sittin da uku.
Amma yanzu sai ya yi gumi,
in har ana gumi a can inda yake zaunawa.

Daren Laraba, an ɗauke wuta tun magariba,
caji saura huɗu, sauro na waƙa a kunnena.
Na sara uku.
Ya tafi hagu ya jira ni.
Ban zo ba.
Na tsaya inda nake, na ga bayansa,
karon farko tun da muka fara haɗuwa.

Ya faɗi.
Duk Rafin Daɗi na barci.
Na buɗe baki zan yi ihu, na tuna Baba,
na haɗiye shi da zafinsa kamar kunun tsamiya.
Keken Yaya ne kaɗai ke tafawa.

Sai ga saƙonsa, kalma ɗaya tak: "Sake."
Caji saura biyu.
Na ɗauki gawayi na je bayan ƙofa,
na nemi gefen da ba zane,
na ja layi ɗaya, siriri,
na bar masa fili a gaba don ƙarawa.