Daren Mai Gadi, Fuska Biyu

Ni ne mai reza.
Ban iya jita ba, ban taɓa ganga ba.
Aikina in yanke zaren tef in liƙe,
in ɗaura wa kukan da aka yi ran Talata
aure da numfashin da aka ja ran Lahadi.

Ɗakin na Kaneshie, saman shagon taya.
Mun lulluɓe bango da kwalin ƙwai
har Tetteh mai ganga ya ce mu kaji ne,
kwanci muke, Allah ya sa a ƙyanƙyashe.

Seidu ya zo daga Nima da takarda a aljihu,
duk ta sha man waken Hajiya Fulera.
Ya ce shi ba waƙoƙi ya kawo ba,
dare ɗaya ya kawo, a yanka shi tara,
daga magariba har kiran assalatu:
daren tsohonsa, mai gadin katako a bakin Odaw,
wanda ya shekara ashirin da shida
bai yi mafarki cikin duhu ba.

Fuskar farko, ana garƙame ƙofa.
Jitar Seidu na haushi kamar kare a ɗaure,
molon Awudu mai kauri na bi a baya
da takun mutumin da gwiwa ta fara ci.
Sauron kwata ma mun ba shi waƙa guda.
Wuta ta ɗauke mana sau goma sha ɗaya.
Tef ya ƙare, Seidu ya sayar da babur,
ya koma yana zuwa a torotoro,
jita a cinya kamar mai kai yaro asibiti.

A waƙa ta bakwai muka cije.
Ƙarfe biyun dare ne a labarin.
Tetteh ya ce a yi aradu, Seidu ya ce a ƙara,
suka jibga jita kan jita har lasifika ta yi tari.
Sati uku. Har an jefi juna da sandar ganga.

Sai ga tsohon da kansa, wata Laraba,
Baba Mumuni, da tocila a aljihun kwat,
ya zo karɓar kuɗin maganin da ɗansa ya manta.
Muka zaunar da shi, muka kunna.
Ya ji har ƙarshe yana tauna goro,
sannan ya ce, "Wannan daren waye?
Da nawa na da surutu haka, ai da ban tsufa ba.
Tsakanin biyu da uku ba komai, ɗana.
Ba koman nan shi ne aikin."

Seidu bai ce uffan ba.
Ni na ɗauki reza. Sati uku ya zube ƙasa
kamar gashi a rumfar wanzami.
Muka kai makirufo gaban tsohon,
muka ce ya zauna kawai. Ya zauna.
Minti ɗaya da daƙiƙa goma:
kujera ta yi ƙara, hanci na shiga da fita,
tari ɗaya, can nesa wata mota ta wuce.

Mai kamfani ya buga tebur,
wa zai ba da sidi ya sayi shiru?
Ɗari biyar ya buga, bai ƙara ba.

Yau Tetteh na kiɗa a coci a Dansoman,
Seidu ya haye teku, wasiƙa ta daina zuwa,
tsohon yana kwance Awudome, ya samu barcin dare.
Bara na tsinci faifan a Kantamanto
ƙarƙashin tulin takalman gwanjo.
Ya kakkarce, allura na tsalle,
jita ta dishe, ganga ta zama kwano.
Amma in na juya fuska ta biyu
nakan kashe fanka, in hana jikoki motsi,
in jira tarin.