Allo Biyu

A Glasgow rana ba ta cika alkawari.
Tara na safe, fitilun titi ba su mutu ba,
ni kuwa ina hawan tudun jami'a,
ruwa na bin wuyan rigata.

Da safe, baƙin allo.
Dokta Mungall, tsohuwa mai garin alli a hannun riga,
ba ta karɓar "na gani da idona".
Ka gwada sau dubu, duk su fita daidai,
sai ta ce, "Na dubu da ɗaya fa?
Wa ya tsaya masa?"
A wurinta gaskiya sai da hujja,
hujjar da ko bayan ranka tana tsaye.

Da rana in tsallaka titi, allon gilashi.
Can ba a tambayar dalili.
Ka rubuta, ka danna, ka jira hukunci.
Waƙafi ɗaya na manta ranar Talata,
ya hana ni barci har asubar Laraba.
Ɗan hakin da ka raina.

'Yan lissafi na ce mini bakanike,
'yan kwamfuta na ce mini sarkin dogon tunani.
Jemage ke nan, ba tsuntsu ba, ba ɓera ba.
Digiri ɗaya, iyayen gida biyu,
kowanne na son aikinsa ranar Juma'a.

A shekara ta uku aka ce kowa ya gina abin kansa.
Na tuna Inna a Malumfashi,
uwar adashin mata goma sha tara,
shekara ashirin ba biro, ba littafi,
ko sisi bai taɓa ɓata ba.
Na ce bari in sauke mata kayan nan daga ka.

Na kafa hujja daki-daki:
kowace ta zuba, kowace ta kwasa sau ɗaya,
abin da ya shiga shi ke fita.
Alli ya yarda.
Na'ura ta yarda, cikin ƙiftawar ido.
Ranar Lahadi na kira gida ina fankama.

Ta saurara. Ina jin tana tsince shinkafa a faranti.
"To madalla. In mijin Ladiyo ya rasu ran Alhamis,
kwasa kuma ta Hajiya Dubu ce,
abin naka ya san a miƙa wa Ladiyo?"
Na ce layi layi ne, Inna.
"Ya san Tasalla wata biyu ba ta zuba ba,
ɗanta na kwance asibiti,
kuma ba a faɗa a gaban mutane?
Ya san gidan da ake aika yaro
da gidan da sai na ɗauki mayafi da kaina?"

Katin waya ya ƙare kafin in sami amsa.

A ɗakinmu na Partick
Tendai na soya albasa, taga ta yi gumi.
Na buɗe sabon layi, ban san sunan da zan sa masa ba.
Na rubuta kunya, na goge.
Na rubuta kara.
Na'ura ta tambaya: lamba ce, ko harafi?

Litinin na kai wa Dokta Mungall.
Ta daɗe tsaye, alli a hannu, ba ta rubuta komai ba.
"Hujjarka ba ta da rami," in ji ta.
"Duniyar da ka yanka mata ce ta yi mata kaɗan."

Saura mako shida in miƙa aikin.
Yanzu in na zo tsallaka titin nan
tsakanin allon safe da allon rana,
nakan ɗan dakata ko fitila ta ba ni hanya,
ina lissafin mata goma sha tara
da yatsun da sanyi ya ƙandare,
kullum sai ɗaya ta yi saura.