Ɗigo Ja a Tartu

Ƙarfe huɗu na yamma, duhu ya riga ya rufe Tartu,
kogin Emajõgi ya daskare har gindin gada.
Helve ta kankaro cikin kuncinta da tsinken auduga tun jiya,
yau ta kashe fitila
ta sunkuya kan madubin da ke mai da ƙura dutse.

Ga ƙwayar halitta ɗaya, tata.
A cibiyarta akwai ɗaki marar taga,
an cusa masa zare kamu huɗu,
tufka biyu, murɗe da juna,
an nannaɗe shi kan ƙananan kwarkwaro bila adadin.
Inda naɗi ya yi sako-sako, ana karatu.
Inda aka tamke, shiru.

A makaranta an ce mata RNA ɗan aike ne kawai:
ya kwafi saƙon DNA, ya fita, ya kai, ya mutu.
Ba a faɗa mata cewa wani ɗan aiken
ba ya ƙetare bakin ƙofa ba.
Silli ɗaya ne shi, ba abokin tufka,
sai ya kwanta a kwarin igiyar ya zama na uku,
ko ya kutsa tsakanin biyun
ya riƙe hannun ɗaya, ya bar ɗaya yana lilo.
Wani kuma kira yake yi,
masu ɗauri su zo su ƙara tamke kwarkwaro.

Can gefe, jikin bango, ga ɗigo ja.
Ta san shi shekara ashirin da shida,
amma kullum sai ta riƙe numfashi.
X biyu ta gada, na uwa da na uba,
ɗaki kuwa ba ya ɗaukar murya biyu.
Sai ɗayan ya saƙa mayafi daga jikinsa,
ya lulluɓa tun daga kai har ƙafa,
ya dunƙule, ya kama bakinsa har abada.

Wane ne wannan da ya yi shiru?
Madubi bai faɗa ba.
Ko Aino ce, da aka binne a Võru cikin kaka,
ko Endel, da ko a raye bai cika magana ba.
A ƙwayar da ke kusa, wataƙila akasin haka ne.

Ta ɗauki hoto uku, ɗaya ya yi dishi-dishi.
Bas ta ƙarfe shida ta wuce ta, ta taka da ƙafa.

A gida kyanwa na jira kan tagar kicin,
nan baƙi, nan ruwan goro,
kowane faci da wanda aka bar wa magana.
Helve ta shafa bayanta da hannu mai sanyi,
ta dubi hannun.
Nata facin ba ya nunawa.
Ta ɗora ruwan shayi,
ta ce, "Mama," a hankali,
don ko wani sashe nata zai amsa.