Sati Uku Ba Magana

Shekara goma sha tara ina kiran farashi a Mil Sha Biyu,
kwandon tumatir a gabana, tirela na huci a bayana.
Ba ni da rumfa, ba ni da sikeli, muryata ce jarina.
In na ce, "Iya, taya mana!" har kan gada ana ji na.

Sai wata Talata, damina ta yi tsaka,
na buɗe baki, iska ta fito, magana ta maƙale.
Na sha zuma, na tauna citta, na tsotsi kanumfari.
Sallau wanzami ya leƙa, ya ce belu ne, ya hau wasa aska.
'Yata Hansatu ta ɓoye mini takalma,
sai da na yarda muka hau danfo zuwa Idi-Araba.

A kan benci na tarar da dangi:
yaro da ƙwayar wake a hanci, uwarsa na ta sababi,
mai suyar kifi daga Makoko, ƙaya ta tsaya mata a wuya tun daren jiya,
da Baba Sikiru mai injin markaɗe,
an kira sunansa sau uku, yana yi wa bango murmushi.

Dokta Morenike ba ta da tsawo.
Fitila a goshinta kamar maharbin dare,
Hausarta gutsi-gutsi, ta ce a Zariya ta tsinto.
Ta fesa mini wani abu mai ɗaci,
ta zura siririn tiyo ta hancina.
Aka taɓa hanci, ido ya yi ruwa, karin magana bai yi ƙarya ba.

Ta juyo da allo ta ce, "Malam Namadi, ga muryarka."
Na duba. Wasu 'yan zaruruwa biyu, farare,
ko tsawon farcena ba su kai ba.
Wai waɗannan ne suka ciyar da mutum takwas!
Ta nuna mini inda suka yi kanta
kamar kafaɗar ɗan dako.

"Kunne da hanci da maƙogwaro," in ji ta,
"gida ɗaya ne mai ƙofa uku,
in gobara ta kama ɗaki, hayaƙi na shiga na kusa."
Ta sa mini abin ji, ta yi ta aiko ƙara,
mai kauri na ɗaga hannu, mai siriri ta wuce ni.
Ashe hon ɗin manyan motoci ya ci rabin kunnen hagu,
shi ya sa nake ihu ko a kan tabarmar cin tuwo.

Na jira allura, na jira wuƙa.
Ta rubuta: ruwa da yawa, a bar yaji da dare,
belu kuwa a bar shi inda Allah Ya rataye shi.
Sannan sati uku ba magana. Ko raɗa.

Shiru a Ikko!
Garin da janareta ke gaisawa da janareta.
Na koma kasuwa da alli da ɗan allo,
Ilu yaron shago na kira, ni ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.
Ciniki ya ragu, ban ɓoye ba, kwando biyu suka ruɓe.

Amma a sati na biyu, bayan isha'i, wuta ta ɗauke,
na juya kunnen dama wajen fitilar Hansatu.
Tana lissafi tana ɗan gunguni,
irin na uwarta sak, Allah Ya jiƙanta,
in tana tsince shinkafa.
Shekara nawa yarinyar nan tana yi, ni ina sama da murya?

Ranar da aka kwance mini baki,
Dokta ta ce in gwada kalma ɗaya, a hankali.
Na yi niyyar in tambayi kuɗin magani.
Sai na ji na ce, "Hansatu."
Ta waiwayo da sauri,
don ba ta taɓa jin sunan ya zo ƙasa-ƙasa haka ba.