Kuɗin Ƙofa

Shekara uku na yi ina sunsunar ruɓa
a rudun albasar Manu Kwaido, bayan kasuwar Aliero.
Shi ya nuna mini yadda wuya ke fara laushi
kafin baƙin ya sauka cikin ɓawo.
Ya ce, "Malama, in ƙuda ya yi sallama,
to buhu ukku sun riga sun tafi."
Na auna, na ƙirga, na rubuta.
Ladarsa goro ne da godiya.

Na ɗinke shafi goma sha ɗaya da Turanci,
na aika wa kamfanin nan na ƙetaren teku,
wanda aka ce kakansu ɗan tebur ne,
mai kasa littafi a bakin gada cikin sanyi,
yana lasar yatsa, yana juya takarda.
Jikokin sun yi teɓa.
Sun haɗiye ƙananan mujallu ɗaya bayan ɗaya
kamar giwan ruwa a gulbin Argungu,
har ruwan ya daina motsi.

Wasu malamai biyu da ban san sunansu ba
suka hana idonsu barci, suka tace aikin.
Su ma ba a ba su ko sisi ba.

Sai wasiƙa ta zo da fara'a:
in ina so kowa ya karanta, in biya dala dubu uku.
Na dubi takardar albashina, ta sunkuyar da kai.
In ba haka ba, in sa hannu a nan.
Na sa.
Ashe gonar na sallama, har da rijiyar.

Ranar Talata Shafa'atu, ɗalibata,
ta zo da wayarta mai tsagaggen gilashi.
Ga sunana, ga sunan garinmu,
ga layi takwas na ɗanɗano,
sannan ƙofa, sannan kwaɗo:
dala arba'in, a karanta kwana biyu a tashi.
Ta ce, "Malama, ba ke kika rubuta ba?"
Na ce ni ce.
Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Malam Sahabi na ɗakin karatu ya buɗe mini littafin kuɗi.
Ba sa sayar da ƙwaya, in ji shi, sai dami,
ka sayi mai kyau haɗe da ruɓaɓɓe,
kuma bana ya fi bara tsada.
Tun azumin wancan shekara aka yanke mana.

Na ji an ce a can ma ana hayaniya.
Wasu sun rantse ba su ƙara kai musu rubutu,
wasu editoci sun ajiye alƙalami rana guda,
an tsinci takardun jabu cikin na gaskiya,
matasa kuma sun haƙa rami ta bayan katanga
suna miƙo ilimi da dare kamar kayan sata.
Duk na ji.
Amma kwamitin ƙarin girma ba ya ƙirga gumi,
tambarinsu kawai yake nema a goshin takarda.
Ga wani shafi tara a jakata, can zai je.

Jiya na koma wurin Manu, yana tsince.
Ya ce in faɗa masa abin da takardar ta ce.
Na juye masa da Hausa, ban kai rabi ba
ya yi dariya: "Wanga ai ni nib ba ki shi.
Nawa sunka biya ki?"
Na yi shiru.
Ya jefar da wata ruɓaɓɓiya, ya goge hannu a riga.
"Dillalinku ya hi namu.
Namu ko ya cuce ka,
yana maido maka da buhu."